Na ƙi karɓar loma a gidan Bahabashe, ta yaya zan gyara?

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina koyar da lissafi a Bahir Dar, ƙasar Habasha. Na saba da agogonsu, inda ƙarfe 7 na safe ke zama ƙarfe 1, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Wani malami abokin aikina, Kirista, ya gayyace ni gidansa. Muna cin injera (abincinsu mai kama da sinasir) a faranti ɗaya, sai mahaifiyarsa ta naɗo loma da naman kaza, ta miƙo ta har bakina. Na kawar da kai, domin ban san yankan wa ba ne. Tsohuwar ta ajiye lomar a gefen faranti, ba ta ce uffan ba. Daga baya na ji sunan abin gursha, karramawa ce babba.

Tun ranar gaisuwarmu ta yi sanyi, kuma wallahi abin na damuna, don shi ya nema mini ɗaki da na zo.

’Yan uwa da kuka zauna can, in koma da ɗanyen kofi in ba ta haƙuri? Ko in roƙi a gayyace ni Laraba ko Juma'a, ranakun da Kiristocin Orthodox na Habasha ba sa cin nama?