Inshorar kyanwa: za su biya ciwon da ta riga ta kamu da shi?

Maman Hanif, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ina da kyanwa irin ta Farisa mai gashin nan, shekararta shida a hannuna, tun watan azumi na lura shan ruwanta ya yi yawa, kwanon da nake cika mata da safe kafin azahar ta shanye, ga yawan fitsari ga rama, in ka shafa bayanta ƙashi kawai kake ji. Mun kai ta asibitin dabbobi aka ɗebi jini likita ya ce ƙoda ce, kuma ba ta warkewa sai dai lallaɓawa. Abincinta na musamman da ƙarin ruwa suna cin kuɗi wlh. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya ce can har mage ana yi wa inshora. To in na samu na yi mata yanzu za su riƙa biyan maganin ƙodar?

Ɗan Daura:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta sauƙi. Gaskiya ba za su biya ba. Dokar kusan duk kamfanonin nan ita ce ciwon da dabba ta zo da shi kafin a yi rajista babu ruwansu da shi, kuma ba sai likita ya faɗi sunan ciwon ba, ko alama ce aka rubuta a katinta, misali yawan shan ruwan nan, ya isa su cire shi, don ranar da kika nemi kuɗi katin asibitin za su fara buƙata. Bayan rajista ma akwai kwanakin jira, galibi kwana 14 a kan rashin lafiya, abin da ya ɓullo a ciki shi ma tsohon ciwo ne a wurinsu. Sassaucin da wasu ke yi a kan ciwon da ke warkewa ne, kamar ciwon kunne ko gudawa, in dabba ta yi wata 6 ko shekara bai dawo ba. Amma ƙoda da ciwon suga babu. Kuma irin na Farisa akwai ciwon ƙoda da suke gada, ki tambayi likita ko za a yi mata hoton ciki a gani.

Abban Sadik, GRA:
Haka yake. Yayana a Amurka karensa ya tsinke jijiyar gwiwar hagu kafin ya yi masa inshora, bayan shekara ta dama ta tsinke, suka ce ai ciwo ɗaya ne ba su biya ko sisi ba. Kuma kai za ka fara biyan asibiti daga aljihunka sannan ka tura rasit. Nan gida kam wadda na sani ta dabbobi ita ce ta NAIC, wato hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya, kuma manoma take yi wa, shanu da tumaki da kaji.

Anti Bilki:
Ni abin da ya dame ni halaccin abin, malamai da yawa suna da magana kan inshorar zamani shi ya sa aka kawo takaful, wato inshora irin ta Musulunci. Maman Hanif ki buɗe mata asusu kawai, duk wata ki jefa wani abu kamar adashe, ni haka nake wa mussoshina biyu, kuɗin rigakafin haukan kare da maganin tsutsa duk daga nan nake cira.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Raina ya ɗan sosu amma gara da na ji kafin in sa yaron nan wahala. Ɗan Daura hoton cikin ana yi a nan Katsina ko sai mun dangana da asibitin dabbobi na ABU Zariya? Yau dai ta ɗan ci kifi da safe.