Jarumin da aka gina a wasan gida zai iya zama a teburin ƙungiya?

Sadiƙu, Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san wasan tebur na ƙungiya. Akwai jarumin D&D, wato Dungeons and Dragons, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, mayaƙi ne a mataki na 6, an raine shi a wasan gida da ake yi a istiraha, wato gidan hutawa, daren Juma'a. Da dayis aka fitar da lambobinsa, ƙarfinsa 18 tun ranar farko, kuma yana riƙe da takobin sihiri da sulke da zobba biyu. Zai zauna a teburin Adventurers League, ƙungiyar wasan nan ta hukuma? In bai yiwu ba, Pathfinder Society fa? Wace takarda ake nema a gani?

Malam Habibu, Riyad

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba zai zauna ba, kuma ba ƙyashi ake masa ba. Tun da kamfanin Wizards of the Coast ya kafa Adventurers League a 2014, manufar ita ce mutum ya ɗauki jaruminsa daga wannan tebur zuwa wancan, ko a wata ƙasa, wanda ke jan wasan, wato mai ba da labarin da yanke hukunci, ya karɓe shi ba tare da ya san mai shi ba. Hakan ba ya yiwuwa sai kowane mataki da kowane kaya na da asalin da za a bi a takarda.

Abu na farko da zai tona shi lambobin ne. Ba a jefa dayis wajen gina jarumi a can. Ko dai ka ɗauki jerin 15, 14, 13, 12, 10, 8, ko ka saya da maki 27, inda 8 kyauta ne, 13 ya ci maki 5, 14 ya ci 7, 15 kuma ya ci 9. Ba a sayen sama da 15, don haka ko an ɗora ƙarin 2, da wuya sabon jarumi ya wuce 17. Makin rai ma ƙayyadadde ne: mayaƙi na samun 10 a matakin farko, sai 6 a kowane mataki bayansa, a haɗa da ƙarin juriyar jikinsa. In ƙarin nan 2 ne, a mataki na 6 lissafin 52 ne. Mai jan wasa da ya ga 64 zai tambayi inda suka fito.

Sai kayan. Matakai rukuni huɗu ne: 1 zuwa 4, 5 zuwa 10, 11 zuwa 16, 17 zuwa 20, kuma labarin da aka rubuta wa wani rukuni ba ya karɓar jarumin wani. Manyan kayan sihirin da za ka shiga labari da su suna da iyaka: ɗaya a rukunin farko, uku a na biyu, shida a na uku, goma a na huɗu. Naka huɗu ne, ka ga ko da halastattu ne sai ɗaya ya kwana a gida.

Mafita mai sauƙi: ka riƙe sunansa da halinsa da tarihinsa, ka sake gina shi bisa ƙa'ida. Bugun jagorar 'yan wasa na shekarun nan ya yarda a fara daga mataki na 5, ka ga mataki ɗaya kawai ka rasa. Amma ka sauko da sabon bugun kafin ka rubuta komai, don dokokin nan suna yawan sauyawa. Tsohuwar dokar nan ta gina jarumi daga littafin 'yan wasa da ƙarin littafi ɗaya tak an daɗe da cire ta, har yau wasu na kafa hujja da ita.

Ummu Hanan, Makka

Malam ya gama da ɓangaren D&D. Pathfinder wasa ne daban na kamfanin Paizo, dokokinsa daban, jarumin D&D ba ya shiga ko ta taga. Kuma ƙungiyarsu, wadda ta fara tun 2008, ta fi tsanani a rubutu.

Za ka buɗe asusu a shafin Paizo a ba ka lambar ɗan wasa. Kowane jarumi na ɗaukar lambar nan da ƙari a bayanta. A bugu na biyu, wanda ya fito a 2019, jarumin farko 2001 ne, na biyu 2002, haka dai. Bayan kowane labari mai jan wasa zai ba ka takardar da suke kira Chronicle, ɗauke da sunan labarin, lambarka, lambarsa, lambar taron, kwanan wata, makin gogewa, kuɗi, da kayan da aka buɗe maka damar saya. Cikakken labari na ba da maki 4, mataki na cin 12, wato labari uku kowane mataki. Jarumin da ya taso daga mataki na 1 zuwa na 6 ya tara maki 60, kusan takardu 15 ke nan in da cikakkun labarai ya taso. Wanda ya fara daga mataki na 1 ya zo da takardun irin waɗannan labarai biyar yana cewa yana mataki na 6, ba sai an yi musu ba.

Wurare biyu mutane ke faɗawa. Na ɗaya, maimaita labari: galibi sau ɗaya ake samun lada a matsayin ɗan wasa, sau ɗaya a matsayin mai jan wasa, sai labaran da aka yi wa alamar ana maimaitawa. Sauya jarumi ba ya wanke wannan, a kan lambarka ake ƙirgawa. Na biyu, ɗauko wata baiwa daga littafin da ba ka mallaka ba, ko wata ƙabila da sai an buɗe ta da makin da asusunka ke tarawa. Ganin abu a intanet ba izini ba ne.

Abu Yasir, Madina

Bari in ƙara abin da ya shafe mu nan Saudiyya musamman, don ba za ku same shi a jagora ba. Ku rubuta lambobi da alƙaluman boko. Biyar ta Larabci da hannu kamar sifirin boko take, sifirinta kuma ɗigo ne da ke ɓacewa a hoto, biyu da uku ma haƙori ɗaya ya raba su. Mai jan wasa a Turai, a teburin Discord, manhajar hira ta intanet, zai shigar da lambar da ya gani, ladan ya tafi asusun wani. Kwanan wata ma Miladiyya, ba Hijiriyya ba, kuma a rubuta sunan watan da haruffa, don Amurkawa wata suke farawa da shi: 3/4 a wurinsu 4 ga Maris ne.

Takardar Adventurers League kai kake cikewa, ba wata ma'ajiya ta kamfani da ke riƙe da tarihin jaruminka. Kowane zama ya samu layinsa: sunan labari da lambarsa, rana, sunan mai jan wasa, matakin da ka shiga da wanda ka fita, kuɗin farko, abin da ya shiga, abin da ya fita, ragowa. Ragowar yau ita ce farkon gobe, nan ake fara dubawa, kuma nan aka fi samun ɓaraka, saboda an sayi maganin warkarwa tsakanin zama biyu ba a rubuta ba. In kun yi musayar kayan sihiri da wani, darajarsu ta zama ɗaya, kowa ya rubuta a tasa takardar abin da ya bayar da abin da ya karɓa. Ku cike kafin a tashi daga tebur. In aka fita sallar Isha aka watse, washegari ba mai tuna nawa aka raba.

Sadiƙu, Jidda

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in takardun suka ɓace fa?

Ummu Hanan, Makka

A Pathfinder da sauƙi in mai jan wasa ya shigar da rahoton zaman, za ka ga jerin labaran a asusunka. Daga nan ka nemi shi ko wanda ya shirya taron ya sake cike maka, in ba a same su ba ka tuntuɓi jami'in sa-kai na ƙungiyar da ke kula da yankin, ko masu kula da wasan intanet. Abin da ka saya da abin da ka sayar dai ba ya cikin rahoton, sai ka sake lissafi da kanka. A Adventurers League ba asusun da za ka duba, sai waɗanda kuka zauna tare su taimaka da nasu takardun a daidaita ranaku da kuɗi. Shi ya sa ake ɗaukar hoton kowace takarda a ranar, a sa wa hoton sunan jarumi da lambar zama, a ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar.