Silindar iskar nutso ta ƙarfe: bar 232 ko 300, kuma yaya gwajinta yake?

Ɗan Bakin Teku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An kawo mini silindar nutso guda biyu na hannu, duka na ƙarfe, lita 12. Ɗaya bar 232 ce, ɗayar 300 (bar shi ne ma'aunin matsin iskar da ake cika ta da shi). Hatimin gwajin ƙarshe da ke kafaɗarsu ya haura shekara 6. A Legas za a yi aiki da su, ruwan gishiri. Wacce ta fi, kuma me zan duba kafin in biya?

Sarkin Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba da ko kwabo sai an sauke iskar, an kwance bawul, an zura fitila an leƙa ciki. Shekarun silindar ƙarfe ba su ne abin tsoro ba, ruwan da ya taɓa kwana a cikinta shi ne. In tsatsar gari-gari ce sama-sama, ana zuba ƙananan duwatsun gogewa a juya ta a kan inji ta fita tas. In kuwa ta ci ramuka, sai mai gwaji ya auna zurfinsu. Mafi muni shi ne ka ga ramukan sun yi layi a gefe guda daga wuya zuwa ƙasa. Wannan an ajiye ta ne a kwance da ruwa a ciki, kuma bangon gefe ya fi gindi siranta. Ka cire takalmin robar da ke gindinta ma, ruwan gishiri a nan yake laɓewa yana cin ƙarfe, sama kuwa fenti na ta sheƙi.

Ni dai 232 zan ce ka ɗauka. A lissafi tana ɗaukar iska lita 2,784, ta 300 kuma 3,600, amma iska ba ta matsuwa daidai idan matsi ya yi sama haka, kusan kashi ɗaya cikin goma na 3,600 ɗin ba ya shiga. Ga nauyi, ga shi ba kowane kwamfireso, injin cika iska, ke kai 300 ba. Sannan dole regiletarka, na'urar da ke rage matsin iskar ka shaƙa, ta zama irin da ake murɗawa cikin bawul, wato DIN, mai dogon murɗi, mai haƙora 7. Regileta mai maƙalawa a kan bawul da sirdi iyakarta 232.

Injiniya:
Bari in ƙara a kan gwajin. Da ruwa ake yi, ba da iska ba, domin ruwa kusan ba ya matsuwa. Ko silindar ta gaza, tsagewa za ta yi ruwa ya tsirto, ba ta tashi da ɗakin ba. A cika ta da ruwa, a saka ta cikin wata tukunya mai murfi ita ma cike da ruwa, sai a yi ta famfo. Silindar na kumbura kaɗan, tana tura ruwan waje cikin bututun awo. A riƙe matsin aƙalla daƙiƙa 30, a sake shi, a ga nawa ta koma. A ƙa'idar Amurka, in kumburin da ya ƙi komawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na duka kumburin, ta faɗi, ba a sake cika ta.

Matsin gwaji yana buge a kafaɗa. Na Turai ninki ɗaya da rabi ne na matsin aiki: 232 a kai ta 348, 300 a kai ta 450. Mai hatimin DOT-3AA ta Amurka kuwa matsin aikinta ake ninkawa biyar a raba uku. Amurka da Birtaniya duk shekara 5 suke gwajin ruwa. Leƙen ciki a Birtaniya duk shekara biyu da rabi ne, shagunan Amurka duk shekara. Da laimar Legas, ka bi na shekara-shekara.

Inda ake ɓarna shi ne bayan gwaji. In ba a busar da cikin nan take da iska mai ɗumi ba, kafin gari ya waye ta yi ja. Ka ce a nuna maka cikinta kafin a mayar da bawul, kuma a sa sabon zoben roba a wuya.

Hajiyar Bahar Maliya:
Sarkin Ruwa, ban da ja da kai, amma nauyin ba duka ne aibi ba. Iskar da ke cikin lita 12 ta haura kilo 3, wannan nauyin yana raguwa yayin da ake shaƙa, amma silindar ƙarfe ko iskarta ta kusa ƙarewa ba ta jan mutum sama kamar ta alminiyam, don haka dalmar ɗamara na raguwa. Ga mai sa rigar roba mai kauri, ta 300 na da ranarta.

Abin da ba a ambata ba shi ne haƙoran wuya, inda ake murɗa bawul, kuma kowane iri da lambarsa. Silindar Turai M25x2 ce, ta Amurka 3/4 NPSM, tsofaffin na Birtaniya 3/4 BSP. Bawul ɗin M25 yana shiga wuyan 3/4 BSP kamar ya zauna, sai an cika ya fice kamar harsashi, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Kayan hannu an sha sauya musu bawul, a auna da ma'auni, kada a yarda da ido.

Ɗan Bakin Teku:
Na gode ƙwarai. To in ta ci gwaji, yaya zan hana ruwa shiga? Kuma fentinta ya kankare, zan iya kai ta wurin masu fentin mota?

Injiniya:
Ruwa ta hanya uku yake shiga: filtar kwamfireso da ta jiƙe ba a sauya ba, bakin bawul mai ɗigon ruwa lokacin cikawa, da shanye iskar ƙaf a cikin ruwa. Kafin a ɗaura tiyo ka ɗan buɗe bawul ya feso ya busar da bakin. In ka fito, wanke da ruwan daɗi, cire takalmi ya sha iska, ajiye ta a tsaye a inuwa da bar 20 zuwa 30 a ciki, ka ɗaure ta kada ta faɗi a kan bawul. In ta daɗe a ajiye kuma kana zargin tsatsa, kada ka shaƙi iskar, tsatsa na cinye oksijin.

Fenti kuwa, na shafawa mai bushewa da kansa kaɗai, kuma bayan mai gwaji ya ga ƙarfen tsirara. Kada a gasa ta a ɗakin gashin fenti, kada a ƙone tsohon fenti da wutar walda, kada a sa garanda. Zafi na sauya taurin ƙarfen, silindar da ta sha wuta kuma ba ta komawa aiki. Lambobin kafaɗa a bar su a fili, mai cikawa na gari ba ya taɓa wadda bai iya karanta hatiminta ba.