Tsarin Kratky ko ƙananan ramuka uku: wanne ya fi dacewa?

Ɗalibin Fiziks: Malamai, barkanku da aiki. Muna tsara na'urar auna warwatsuwar hasken eksire a ƙaramar kusurwa da bututun samar da eksire mai jan ƙarfe a ciki, wanda haskensa ke da tsawon zango nanomita 0.154. Wace hanyar daidaita haske kuke ba da shawara?

Malamar Sinadarai: Tsarin Otto Kratky, masanin kimiyya na birnin Graz, yana ba da haske mai ƙarfi saboda hasken yana fitowa a siffar layi, amma dole a gyara sakamakon da lissafi, kuma bai dace da samfurin da zarensa ke fuskantar gefe ɗaya ba.

Injiniya: Gaskiyar Malama ce. Ni na fi son ƙananan ramuka uku da hasken ke ratsawa ɗaya bayan ɗaya, domin na ukun yana tare hasken da ya warwatse daga bakin na biyu. Ka kuma zuƙe iskar bututun da hasken ke bi ta cikinsa gaba ɗaya, domin iska ma tana warwatsa hasken.