Wai 'yan boko ne kaɗai suka gina tunanin Arewa?

Ɗan Ƙoƙi:
Salam jama'a. Don Allah masana tarihi ku taimaka min, kullum in ana maganar wayewar Arewa sai ka ji Kwalejin Katsina, su Sardauna, su Tafawa Ɓalewa, shikenan. To mu Kano fa, malaman zaure ba su taka wata rawa ba ne ko mantawa da su ake?

Malam na Madabo:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ai an rage tarihin ne. Tun 1928 aka buɗe makarantar alƙalai ta Shahuci, sannan 1934 aka yi Makarantar Shari'a wadda ta koma SAS (Makarantar Nazarin Larabci) a 1947, kuma malaman Sudan aka ɗauko suka koyar a ciki, yaro ya taso da allo da littafin Ishmawi a zaure sai ga shi a kan benci ana masa nahawu da alli, daga nan suke fita alƙalai da malaman Larabci, Sheikh Abubakar Gumi ma nan ya yi kafin ya tafi Sudan. Ga kuma Salgawa, wato malaman Tijjaniyya almajiran Malam Muhammadu Salga, da alaƙarsu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, ga Malam Nasiru Kabara a ɓangaren Ƙadiriyya. Littattafai da wasiƙu suna ta yawo tsakanin Kano, Masar da Sanagal, a Kasuwar Kurmi kake saye.

'Yar Fagge:
Allah gafarta Malam gaskiya ne, amma kar a raba su gida biyu. Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne kuma ya yi boko, a Bauchi shi da Sa'adu Zungur suka riƙa zaman tattaunawa suna sukar mulkin En'e da hujjar Ƙur'ani, irin tunanin da ya shiga jam'iyyar NEPU kenan bayan kafa ta a 1950. Shi ya sa talaka ya saurare su wallahi, da harshen da ya sani suka zo masa.

Abban Sadiq:
Kun manta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, 1939, Abubakar Imam a Zariya. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, goma na zaune suna ji.

Ɗan Ƙoƙi:
Na gode ƙwarai. Malam, rubuce-rubucen Salgawan nan ana samunsu a laburaren BUK ko sai an bi gidajen jikokinsu?