An zubar da littattafan Hausa ne, ko cire su aka yi?

Ɗan Agege: Jama'a, abin nan ya ci mini rai. Takardar labaran laburaren jami'ar nan ta fito, ga ƙarin girma ga ma'aikata, ga makon karatu da za a yi wa 'yan firamare. Amma ko layi ɗaya babu a kan littattafan Hausa da aka zubar bayan ruwan watan Yuni ya jiƙa su. Da me za a karantar da yaranmu na Agege da Idi-Araba a nan Legas?

Mai Katalog: Malam, gyara maganarka. Laburare ba ya zubar da littafi, cirewa yake yi. Sai an nemo lambarsa a rijistar shigowa, a soke shi daga katalog, a buga masa hatimi, shugaban laburare ya sa hannu. Na Hausa ma wurinsu sananne ne, daga PL8231 zuwa PL8234 a tsarin Laburaren Majalisar Amurka. Je ka duba kantar tukuna.

Ɗan Agege: Abin da ya bar kanta ya shiga buhu, ai an zubar. An ce an ga buhuna a bayan gini.

Mai Katalog: Wa ya gani? Me ke cikin buhun?

Hajiya Mai Ɗinkin Littafi: Ku saurara. Littafin da ya jiƙe, kwana 2 kawai yake da shi kafin fumfuna ta kama shi, balle a laimar Legas. A tsayar da shi a buɗe kamar tanti, a cusa farar takarda bayan kowane shafi 20, a riƙa canja ta, fanka na kaɗawa dare da rana. Mai takarda mai sheƙi shi ake fara cetowa, don idan shafukan suka bushe a manne, shi ke nan. Wanda fumfuna ta ci kuwa dole a ware shi, in ba haka ba ya shafa wa na kusa. Wannan ba zubarwa ba ce.

Malamin Makaranta: Hajiya, ai da an shanya su a rana, da an huta.

Hajiya Mai Ɗinkin Littafi: Rana tana lanƙwasa bango, ta fasa gam ɗin gadon bayan littafi. Aikin na na'urar tsotse laima ne, a riƙe laimar ɗaki ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, kanta ta ƙasa kuma ta ɗaga daga daɓe da santimita 15.

Malamin Makaranta: Da wace wutar? Janareta ba ya kwana a kunne. Ku ma'aikata kullum sai kare juna.

Mai Katalog: Kada ka haɗa mu kuɗin goro. Mai jera kanta daban, ƙwararre mai rijista da hukumar rijistar ƙwararrun ma'aikatan laburare ta Najeriya (LRCN), wadda dokar 1995 ta kafa, daban. Hukuncin cirewa na ƙwararre ne.

Malamin Makaranta: To raina masu jera kanta kake yi? Su ne fa suke fara jin warin fumfuna.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, Mai Katalog da Hajiya sun yi bayani da ilimi, kalmar zubarwa ba ta da gurbi, sai Ɗan Agege ya janye ta. Maganar wuta ba hurumin ma'aikata ba ce. Masu kai yara makon karatu su turo mini sunan makaranta da adadin ɗalibai kafin Juma'a.