Wa aka kira jahila?

Aliyu Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. Ƙanwata ta haihu shekaranjiya, cikin fari. Yaron bai kai kilo biyu da rabi ba, ita kuma jininta ya yi ƙasa har sai da aka yi mata ƙari. Matata ta buɗe jakarta tana neman katin awo, sai ga ƙwayoyin Fansidar da aka ba ta wajen awo a ƙulle cikin leda, ko ɗaya ba ta sha ba. Wai uwar mijinta ce ta ce lafiyarta lau, mi za ta yi da maganin zazzaɓi, kuma wai yana da zafi, zai taɓa cikin. Alhali likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya shanye mata jini. Akwai Farfesa Rose Leke, 'yar Kamaru, ta Jami'ar Yawunde, shekara da shekaru tana bincike kan garkuwar jikin masu ciki da wannan cuta. Ƙwayar cutar tana iya laɓewa a cikin mabiyiya, mace na kai da kawo ba zafin jiki ba ciwon kai, ita da ɗan cikinta suna ƙarewa. Baiwar Allah ta ƙarar da ƙuruciyarta don matanmu su tsira, mu kuma jahilci na cinye mana su a cikin ɗaki.

Hajiya Maman Usaina: Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Amma ɗan nan ka janye kalmar nan. Surukar ƙanwarka uwa ce a gare ka. Matar da ta haihu ta raya, ta yi wa 'ya'yan wasu wankan jego, ita ce yau za ka kira jahila a gaban mutane?

Aliyu Ƙofar Marusa: Hajiya, ban kira ta jahila ba. Jahilci na ce.

Hajiya Maman Usaina: To wa ke yin jahilcin, bango?

Malam Lawal Rafindaɗi: Aliyu, ka yi hattara da harshenka. Tsohuwar da ta san farillan alwala, ta san hukuncin jinin biƙi, ta tarbiyyantar da zuri'a a kan salla, ba a jingina mata wannan kalma. Matsalar 'yan boko ke nan, duk wanda bai zauna kan benci ba sun gama da shi. Tun kafin Bature ya buɗe Kwalejin Katsina a 1921 ake karatu a garin nan. Garin Gobarau ne, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani.

Injiniya Bashir: Allah gafarta Malam, ai rashin sani kala-kala ne. Ni in aka kawo mani rabon gado ban san ta inda zan fara ba, sai na zo wajenka. Ita ma Baba ta san alwala, amma ba ta san abin da ke faruwa a cikin mabiyiya ba. Mi ye abin zagi a nan?

Malam Lawal Rafindaɗi: To kai ka ji na taɓa ce maka jahili don ba ka iya rabon gado ba? Ka ce rashin sani. Me ya hana shi ya ce rashin sani?

Injiniya Bashir: Duk kanwar ja ce, Malam.

Malam Lawal Rafindaɗi: Ba ɗaya ba ne. Je ka faɗa wa mahaifiyarka ɗaya daga ciki, ka dawo ka ba mu labarin wanda ka iya faɗa.

Sista Binta: Don Allah ku saurara, an bar jaki ana dukan taiki. Aikina ke nan kullum. Abin da Aliyu ya faɗa a kan mabiyiya haka yake. Ƙwayar cutar tana shiga cikin ƙwayoyin jini, su kuma su manne a mabiyiya, abincin da ke isa ga ɗan tayi ya ragu, uwa kuma jininta ya yi ta raguwa. Har a yi gwaji a yatsa wani lokaci ba a ga komai ba. A 1996 wasu masu bincike, Michal Fried da Patrick Duffy, suka gano a Kenya abin da ƙwayoyin ke mannewa da shi a mabiyiya. Daga baya aka fahimci jikin mace yana koyon yaƙi da wannan nau'in ne ciki bayan ciki. Shi ya sa mai cikin fari ta fi kowa shiga haɗari, jikinta bai taɓa haɗuwa da shi ba. Baba da ta haifi takwas in ta ce ita ba ta sha komai ba kuma ta wanye lafiya, mai yiwuwa gaskiya ta faɗa game da cikinta na baya-baya. Kuskuren shi ne ta auna yarinya mai cikin fari da kanta. Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara bayan ciki ya wuce wata uku, ƙwaya uku a lokaci ɗaya, a bar aƙalla wata guda tsakani, a samu sau uku ko fiye kafin haihuwa. Kuma a gaban ma'aikaciya ake haɗiyewa. Wannan ne ya tsaya mani a rai, wa ya ba ta ta tafi da su gida?

Hajiya Maman Usaina: Yauwa! Allah ya yi maki albarka 'yar nan. Ashe jahilcin a asibiti yake.

Sista Binta: Hajiya, ba haka na ce ba. Ranar awo sai ki ga mata sun cika benci har ƙasa, ma'aikaciya ɗaya ko biyu, ba ruwan sha a ɗakin. Wadda ta zo da ruwan leda ta haɗiye nan take, wadda ba ta zo da shi ba a ƙulle mata ta ce za ta sha a gida. Kuskure ne, amma ba mu muka ce kada ta sha ba.

Hajiya Maman Usaina: Ku dai kuna da naku. Ɗiyata tana naƙuda wata ta daka mata tsawa, wai lokacin da take jin daɗi ta kira ta? Ungozomar unguwarmu ba ta taɓa faɗa wa mace haka ba. In kuna son tsofaffi su yarda da ƙwayarku ku fara gyara bakinku.

Sista Binta: Wadda ta faɗi haka ta yi laifi babba. Amma kada a shafa mana duka.

Nura Sabuwar Unguwa: Sista, iyalina cikinta wata biyar, ba ta fara awo ba. An makara ne?

Kabiru Daura: Ni duk ba wannan ba. Kuna ta cewa bincike, bincike. A 1996 ɗin da Sista ta ambata ai ita ce shekarar da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi gwajin sabon maganinshi Trovan da yara 200 a Kano lokacin sanƙarau, aka ba kusan rabinsu shi, sauran aka ba su wani maganin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Sai 2009 aka daidaita da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Masu digiri ne suka yi wannan, ba tsofaffi ba. Tsohuwar da ta ji labarin nan ta ɗari maganin kyauta, ni wayo na kira shi.

Aliyu Ƙofar Marusa: Wayon da ya kusa kashe mani ƙanwa? Fansidar gwaji ne? Tun muna yara ake sayar da shi a kemis. Kuma Farfesa Leke ba 'yar kamfani ba ce, ita ce ma ta kawar da shan inna a Afirka.

Sista Binta: Aliyu, kai ma gyara. Ita ce shugabar kwamitin da ya tantance, ya sanar ranar 25 ga Agusta 2020 cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a yankin Afirka, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016. Aikin kuwa matan da ke bin gida-gida da akwatin ƙanƙara a rana suka yi shi, ana rufe masu ƙofa suna komawa.

Kabiru Daura: In ta ƙare mi ya sa har yanzu suke bin mu da ɗigo?

Sista Binta: Saboda akwai wani nau'in da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba. Zance ne mai tsawo.

Kabiru Daura: Kullum zance mai tsawo ne. Kuma wai sai an je Kamaru za a samo mana masani? Namu sun ƙare?

Injiniya Bashir: Ku kawo mana na Daura mu gani.

Kabiru Daura: Daura ta Abdu tushen Hausa kake wa gatse? Katsina ai ɗiya ce a wajenmu.

Injiniya Bashir: Ɗiyar da kuke zuwa wajenta karɓar albashi. Ta Dikko ɗakin kara, kunya gare mu ba tsoro ba, shi ya sa muke ƙyale ku.

Malam Lawal Rafindaɗi: Kunyar ce ai muke nema tun ɗazu, Injiniya. Da Aliyu ya yi aiki da ita da ba mu kai nan ba. Ni ban hana shan magani ba, addini ma ya ce a nemi magani. Kalmar nake so ya janye.

Aliyu Ƙofar Marusa: Malam, yaron yana kwance ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi, uwarsa in ta tashi zaune jiri ke ɗibarta. Kowa ya tsaya wa mutuncin tsohuwa, ban ji wanda ya tsaya wa yarinyar ba. Ba zan janye ba.

Nura Sabuwar Unguwa: Sista, tambayata fa.

Sista Binta: Yi haƙuri Nura, ta shige mani. Ba a makara ba, amma kada ku ƙara mako. Ka kai ta awo, ta tafi da ruwanta ta sha a gabansu. In maganin sulfa yana yi mata ƙaiƙayi ko tana shan Septrin, ta faɗa masu kafin a ba ta. Ta riƙa kwana cikin gidan sauro.

Hajiya Maman Usaina: Ka kuma shawarci mahaifiyarka tukuna, Nura. Kada ka biye wa masu raina iyaye.

Alhaji Sada, shugaban zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Duk wanda ya bi zancen nan ya ga an haɗu a kan cewa Aliyu ya yi wa dattijuwa rashin ladabi, kuma Malam ya warware ma'anar kalmar yadda ba mai ja. Sista Binta da bakinta ta tabbatar tsofaffinmu da suka haihu da yawa suna da garkuwar da 'yan yanzu ba su da ita, ta kuma amsa cewa a wajen awo aka yi sakacin. Kabiru ya tuna mana abin da ya faru a Kano, wanda bai kamata a manta ba. Batun Farfesar Kamaru ma an ga Aliyu ya zuzuta, sai da aka gyara mashi. Maganar ƙwaya kuwa, kowa ya san gidanshi. Aliyu, ina jiran ka kira Hajiya da Malam ka ba su haƙuri kafin Juma'a. Injiniya da Kabiru, wanda ya sake tado zancen Daura da Katsina zan cire shi na mako guda. Na rufe zaure sai da safe.